Ɗan Tata

Masu ba da tarihin kasuwancin Kano ba sa gajiya da labarin shekarar 1929, lokacin da wani attajiri ya kai ajiyar kuɗin azurfa bankin Turawan Ingila, wanda a yau muke kira First Bank, a kan raƙuma ashirin. Duk mai ba da labarin a kan raƙuman yake tsayawa: nawa kowanne ya ɗauko, su wa suka ƙirga, yaya idon Baturen banki ya yi. Ni abin da ya fi riƙe mini hankali bai kai nauyin sule guda ba, wato sunan da aka buɗe ajiyar da shi.

Sunan mai kuɗin na yanka Alhassan. Yana da abubuwa huɗu da zai iya jingina wannan suna a kansu, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Ubansa Abdullahi ne, falke ɗan falke, saboda haka Alhassan Abdullahi ya halatta. A Bebeji aka haife shi a 1877, ga Alhassan Bebeji ke nan, irin yadda 'yan makarantar boko suka riƙa yi daga baya. Ba'agali ne, Agalawa kuwa suna ne mai nauyi a kan hanyar Gwanja. Ko da ta wajen mace za a bi, uwarsa Amarya ba ƙaramar mace ba ce, ita ma fatauci take yi da dukiyarta. Duk huɗun babu wanda ya bi shi. Wanda ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa da tattaɓa-kunnensa, ya hau kan allunan kamfanoni da ƙofofin makarantu da masallatai, shi ne sunan wata tsohuwar baiwa da ta yi renonsa. Sunanta Tata. Shi kuma aka ce da shi ɗan Tata.

Yadda aka yi ya faɗo hannunta labari ne irin na gidan fatake. Agalawa, kamar 'yan'uwansu Tokarawa, masu bincike suna kai asalinsu arewa, cikin mutanen da suka zauna ƙarƙashin Abzinawa kafin su gangaro ƙasar Hausa su zama Hausawa. Su da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19. Tarihin gidan su Alhassan yana ambaton wani kaka da ake kira Baba Talatin, wanda ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka Madobi, daga nan reshe ya miƙa Bebeji. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, madugu yana jan ragama, a yi ta sauka zango-zango, ana biyan fito ana biyan kuɗin hanya, sai an yi watanni kafin a ga Salaga, kasuwar goro ta Gwanja. A sayar, a sayi goro, a naɗe shi cikin ganye, a juyo ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Mai irin wannan sana'a baƙo ne a gidansa. Yaransa kuwa dole wani ya riƙe su.

Abdullahi ya rasu Alhassan yana da kamar shekara takwas. Amarya ta tattara ta nufi Ankara, can bakin teku a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bar yaran a Bebeji a hannun Tata. Kada mai karatu na yau ya yi saurin ɗaure fuska ga Amarya. Riƙo ba abin kunya ba ne a ƙasar Hausa, a da ma shi ne ƙa'ida: ɗan fari yakan tashi a ɗakin kaka, a ba goggon da ba ta haihu ba yarinya, a yaye yaro a kai shi wani gida ya zauna ke nan. Muna da uwar goyo, muna da uwar riƙo, muna da uwar ɗaki, kuma ba mu ɗauki ko ɗaya a cikinsu uwar wasa ba. Masu ba da tarihin Alhassan suna cewa Tata mace ce mai tsanani, ita ta tura shi makarantar allo, ita ta koya masa cewa in ya samu biyar ya ci biyu ya ɓoye uku, har ana danganta asusunsa na farko da ita. Suna kuma cewa da ya tasa ya bi ayari har Ankara don ya ga mahaifiyarsa, ita kuwa ba ta ajiye shi a ɗakinta ba, ta damƙa shi ga wani malami. In haka ne, mutanen Bebeji ba su yi kuskure ba da suka duba yaron suka duba wadda ke tsawata masa, suka haɗa su a suna ɗaya.

Bahaushe ba ya zama da sunan yanka shi kaɗai. Ranar bakwai liman ya raɗa suna, a yanka rago, a raba goro, kafin la'asar mata sun riga sun samo wani. Dalili shi ne kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, in kuwa aka mayar wa jariri sunan surukinta to bakinta ya rufe ke nan, sai dai Abba ko Baffa ko Maikano. Ga sunayen rana, Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Balarabe. Ga na yanayin haihuwa: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Talle maraya ne, Ajuji kuwa an gaji da binne yayyensa. A unguwar da ke da Alhassan biyar dole a sami abin rarrabe su, kuma abu mafi sauƙi shi ne a tambaya, na gidan wa? Ɗan wa? Amsar ba lallai ta zama sunan uba ba. Yara da mata ne suka fi raɗa irin wannan suna, su kuwa cikin gida suka sani, ba zaure ba.

Kalmar ɗa tana da aiki da yawa a bakinmu. Ɗan Kano asali ne, ɗan kasuwa sana'a ce, ɗan yaro ƙanƙanta ce, Ɗan'iya da Ɗangaladima da Ɗanmasani sarauta ce. Har Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, Hanns Vischer, da ya iya harshen sai aka ce da shi Ɗan Hausa, gidansa yana nan da sunan har yanzu. Amma akwai wata ma'ana da ta tsufa, wadda in ba a tuna da ita ba ba za a ji nauyin sunan Ɗantata ba. A zamanin da aka raɗa shi, ɗa kishiyar bawa ne. A kan tambayi mutum, ɗa ne ko bawa? Mace kuma 'ya ce ko baiwa? Daga nan muka samo 'yanci da 'yantawa. Wanda bayi suka haifa a gidan ubangijinsu yana da nasa suna daban, bacucane. Ke nan da a ce Tata da wani bawa ne suka haifi Alhassan a cikin bauta, da bai zama ɗa ba a ma'anar zamaninsa. Ya iya zama ɗan Tata ne ba tare da sunan ya rage masa komai ba saboda kowa a Bebeji ya san ba ita ta haife shi ba. Gaɓa uku ne kacal, amma a cikinsu ɗa da baiwa suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda ya fara furta su ya san bambancin sarai.

Wannan ya kawar da wata tambaya da ɗalibin ilimi zai iya tasowa da ita. An san labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda aka daɗe ana jingina shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka saukar da hukunci a Suratul Ahzabi aka mai da kowa ga ubansa. Abin da aka hana shi ne canza nasaba. Laƙabi wani abu ne daban, kuma littattafan malamai cike suke da mazan da aka fi sani ta wajen mace: Ibnu Ummi Maktum mai kiran salla, Muhammadu Ibnul Hanafiyya ɗan Sayyidina Ali, har Ibnu Taimiyya, wanda masu tarihi da dama suka ce Taimiyya wata kaka ce a zuriyar. Alhassan bai taɓa fita daga zama ɗan Abdullahi ba, a gado ko a addu'a. Ɗantata kira ne, ba salsala ba.

Ita Tata fa? A rubuce-rubucen da suka shafi gidan, rabonta jimla ɗaya ce ko biyu, sa'annan a wuce zuwa ga goro da gyaɗa. Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya faɗa bauta. Abu na farko da bawa ke rasawa bayan garinsu shi ne sunansa. Ubangiji kan raɗa masa wani, galibi na godiyar shi ubangijin ko na fatansa, irin su Nasamu da Nagode. A fadar Kano an yi Ɗanrimi mai suna Allah-bar-Sarki, babban bawan sarki mai faɗa a ji, amma ko sunan nasa addu'a ce ga wani. Kunnen Bahaushe in ya ji Tata zai iya jin abubuwa da yawa. Zai ji tata ta mallaka, abin da yake na mace. Zai ji tata ta tace gasara. Zai ji tatata, wadda ake yi wa yaro ana riƙe da hannuwansa yana koyon tafiya. Wannan ta ƙarshe ta dace da mai reno har ta yi yawa, shi ya sa nake tsoronta. Bayanin suna in ya cika daɗi, galibi daga baya aka ƙera shi. Na ambace su ne a matsayin abin da kunne ke ji, ba asali ba. (Manyan motocin Tata da ke bin hanyoyinmu kuwa na wani gidan attajirai ne a Indiya, wanda ya kafu tun 1868. Babu abin da ya haɗa gidajen biyu sai arziki da haɗuwar sauti.)

Akwai wani juyi a labarin da ya kamata a faɗa. A basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, garuruwa da dama sun sha wuta, an kama mutane an sayar, 'ya'ya da bayi ba a tantance ba. Ruwayar da ta shahara ta ce Alhassan da wasu 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai daga baya aka fanshe su. Ashe katangar da ke tsakanin ɗa da bawa, wadda na ce kowa ya san da ita, dare ɗaya na yaƙi ya isa ya rushe ta. Turawa sun ci Kano a 1903. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Wato ranar da raƙuman nan ashirin suka durƙusa a ƙofar banki, akwai sauran mutane a Kano da doka ta sani a matsayin bayi, mai raƙuman kuma yana amsa sunan ɗaya daga cikin irinsu.

Duk wannan bai isa ya sa laƙabi ya zama sunan zuriya ba. Dubban yara an kira su ɗan wance, sunan ya mutu tare da su, ko ma tun ranar da suka yi aure. Hausawa ba su da al'adar suna guda da zai bi gida kaka da kakanni. Muna da sunan asali, Sulluɓawa, Dambazawa, Wangarawa, Sharifai, muna da sunan gida a unguwa, gidan Malam wane, gidan maƙera, amma ba a liƙa su a bayan sunan mutum. Takarda ce ta zo da wannan buƙata. Malamin makarantar boko yana da rajista, ga Muhammadu bakwai a aji, sai ya tambayi kowa garinsu. Haka Sardauna ya yi karatu a Kwalejin Katsina yana Ahmadu Rabah, haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Isa Kaita da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Sauran mutane suka ɗauki sunan uba. Kowace hanya da illarta. Sunan gari na duk mutanen garin ne, ba ya nuna jini. Sunan uba kuwa tsara ɗaya yake yi: Musa Ibrahim ya haifi Sani Musa, Sani Musa ya haifi Kabiru Sani, jika da kaka ba abin da ya haɗa su a takarda. A Jamhuriyar Nijar ma haka rajistar Faransawa ta bar mutane, sunan mutum sai na ubansa.

Alhassan bai shiga takarda ta ƙofar makaranta ba, ta ƙofar ciniki ya shiga. Tun kafin gyaɗa ya yi suna a goro, yana cikin Hausawan farko da suka bar jakuna suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai da ita, manoman Kano suka ba su gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cinta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, suna bukatar wanda ya san su, mai yara a kowace kasuwa, mai iya ba da kuɗi tun damina a kawo masa kaya da kaka. A 1918 kamfanin Neja ya jawo Alhassan cikin wannan harka, ya kuwa zama babban mai saya wa kamfanin da magajinsa UAC. Buhunan da ke jiran jirgi aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna. Akawun kamfani ba ruwansa da wace ce Tata. Yana son suna biyu, na gaba da na baya, wanda ba zai rikice da na kowa ba. Alhassan Abdullahi akwai su bila adadin a Kano. Alhassan Ɗantata ɗaya ne. Da sunan ya shiga littafin bashi da takardar awo da rasit, ya zama abin da ake yarda da shi a ba da kaya, to ya zama dukiya shi ma, dukiya kuwa gadonta ake yi. Da ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma, 'ya'yansa, su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu, ba su koma Ahmadu Alhassan da Sanusi Alhassan ba. Wa zai yar da sunan da banki ya sani?

Daga nan sunan ya fara daskarewa, kuma ana iya ganin daskarewar da ido. Tazarar da ke tsakanin ɗan da Tata ta rufe. Babban baƙin Tata ya ƙanƙance, ta daina zama mutum ta koma gaɓa biyu. Ƙugiyar ɗ ta faɗi, domin keken rubutun kamfani ba shi da ita, ko da yake haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930. Aka wayi gari da Dantata, wanda mutumin Ikko ko na Landan zai furta ba tare da ya san akwai kalmomi a ciki ba. Babbar shaida ita ce mata. Hajiya Mariya Sanusi Dantata mace ce, amma ba wanda ya taɓa jin wani abu ya yi masa karo a kunne don an ce mata ɗan. Da sunan yana nan da ransa a matsayin magana, da 'yar Tata za a ce, ko jikar ɗan Tata. Katsina ta ba mu kishiyar wannan. 'Yar'aduwa sunan unguwa ne, aduwa kuwa itaciya ce mai ƙaya da kowa ya sani, amma ga Matawalle Musa, ga Janar Shehu, ga Umaru da ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010, maza uku suna amsa 'yar, babu wanda ya yi dariya. Sunan zuriya kamar tsohon turmi ne da aka kife a tsakar gida ana zama a kai: yana da amfani kullum, sai dai an daina daka a cikinsa.

Ma'anar farko da ta fita, wata ta shiga. Shekaru da yawa in yaro ya cika roƙon kuɗi a gida, ko magidanci ya yi kyautar da ta fi ƙarfinsa, abin da za a ce shi ne, kai Ɗantata ne? Sunan matar da ita kanta dukiyar wani ce ya zama ma'aunin dukiya. A Abuja akwai gadar da direbobi ke kira gadar Dantata, fasinja ya ce a sauke shi a nan, bai san Bebeji ba balle Tata. Kamfanin gine-gine na Dantata da Sawoe ya kai sunan kan hanyoyi da manyan motoci. Da Alhaji Aminu ya rasu a ƙarshen Yunin 2025 yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne, sunan ya cika gidajen rediyo da jaridu har na ƙasashen waje.

Shahara daban, yawa daban. In aka bi rajistar kowace makaranta a Arewa, Muhammad da Abdullahi da Ibrahim da Musa da Usman ne za su cinye shafin sunan mahaifi. Dantata ba zai fito ba sai jefi-jefi, in ya fito kuma an san inda za a bi a kai ga Ƙoƙi ko Sarari a cikin birnin Kano. Muna yi wa manya takwara ƙwarai, amma da sunan yanka muke yi. Wanda ya ji daɗin gidan zai sa wa ɗansa Aminu ko Sanusi ko Alhassan, ba zai ce a raɗa masa Dantata ba, liman ma ba zai karɓa ba. Sunan gari kowa na iya ɗauka, sunan Annabawa da Sahabbai na kowa ne, wannan kuwa ƙofarsa ɗaya ce, haihuwa a gidan ta wajen uba. Ko jini bai isa ba in ta wajen uwa ya biyo. Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, jikan Sanusi, tattaɓa-kunnen Alhassan. Mahaifinsa ya rasu shi ma yana yaro ƙarami, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, daga gidan kuma ya sami jarin da ya fara juyawa. In da a Bebejin 1885 ne, mai yiwuwa yaran unguwa su jingina shi ga wanda ya riƙe shi. Amma ya zo a zamanin da takarda ta riga ta san sunan ubansa. Yau shi ne ya karɓe karin maganar, yaran yanzu kai Dangote ne suke ji, ba kai Ɗantata ba.

Akwai masu son su mai da wannan labari abin taɓa zuciya: ga attajiri mai halacci, ya ɗaukaka baiwar da ta rene shi, ya dawwamar da sunanta. Ban yarda da wannan karatu ba, ko kuma in ce ban yarda da shi duka ba. Ba shi ya zaɓi sunan ba, raɗa masa aka yi yana yaro, kuma mai yiwuwa da tsokana a ciki, don yara ba su cika raɗa suna saboda girmamawa ba. Akawu ne ya tabbatar da shi, kasuwa ta raya shi. Sunan da ya dawwama bai 'yanta Tata ba, bai mai da ita garinsu ba, bai sa an san ta ba, tunda mafi yawan masu furta shi ba su san akwai mace a ciki ba. Abin da zan iya ba Alhassan shi ne wannan, kuma ba kaɗan ba ne: ya sami ikon sauya sunan, bai sauya ba. Mutum in ya yi kuɗi yakan gyara asalinsa. Mun ga waɗanda suka wayi gari da kakanni a Gabas, mun ga waɗanda laƙabin ƙuruciya ya zama abin faɗa in aka kira su da shi. Mutumin da ya yi aikin hajji tun ana zuwa a jirgin ruwa, wanda sarakuna da Turawa ke neman shawararsa, da ya ce daga yau Alhaji Alhassan Abdullahi yake, da maroƙa sun bi, akawu ma ya bi. Ya bar shi yadda yake. Suna linzami ne, in ji Hausawa, shi kuwa bai tuge nasa ba.

Yanzu dukanmu muna cikin irin daskarewar da ta sami wannan gida tun shekaru ɗari da suka wuce. Tun da aka shigo da lambar tantance masu ajiya a banki a 2014, ga lambar ɗan ƙasa, ga fasfo, ga takardun jarrabawa, kwamfuta tana son suna ɗaya da ba ya motsi. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya rubuta sunan uba, wancan na kaka, na uku sunan gari, sai an je kotu an yi rantsuwa an buga a jarida kafin a yarda gida ɗaya suka fito. Gidaje da yawa sun fara tsayawa a kan sunan kaka guda suna miƙa wa jikoki. Abin da ake tsayawa a kai kuwa kusan kullum sunan namiji ne na yanka, shi ya sa za mu ƙare da miliyoyin Abdullahi da ba su san juna ba. Sunan uwa ba ya fitowa a fom sai a matsayin tambayar sirri da banki ke yi don ya gane ko kai ne mai ajiyar.

Har gobe ana riƙo a ƙasar Hausa, har gobe akwai yaron da unguwa ke kira ɗan Iya ko ɗan Goggo ko na Hajiya. Abin da ya canza shi ne wanda ke riga wani isowa. Alhassan ya haura shekara talatin yana amsa laƙabinsa a kasuwanni kafin wani akawun kamfani ya buƙaci rubuta shi, saboda haka da takarda ta zo, abin da bakin mutane ya riga ya tabbatar ta tarar. Jaririn yau ana yi masa takardar haihuwa tun bai fara zama ba, a shigar da shi makaranta yana shekara uku da sunan da ke jikinta. Kafin unguwa ta gama lura da wadda ke goya shi, an riga an cike gurbin.